Tambayoyi da Amsoshi: Musayar Ilimi da Ƙirƙira a Ƙananan Kamfanonin Manhaja

Kamfanin da ke gina manhaja ko kula da na'urorin wasu ba shi da masana'anta, ba shi da sito cike da kaya. Abin da ya mallaka na gaske shi ne abin da ma'aikatansa suka sani. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu irin waɗannan kamfanoni da injiniyoyinsu suka fi yi game da yadda ilimin nan ke yawo, inda yake maƙalewa, da abin da yake haifarwa idan aka sake shi.

Wane kamfani ake kira ƙarami a nan?

Kowace ƙasa da ma'auninta. Tarayyar Turai, alal misali, tana kiran mai ma'aikata ƙasa da 10 ɗan mitsitsi, mai ƙasa da 50 ƙarami, mai ƙasa da 250 matsakaici, tare da iyakar kuɗin shiga ga kowane rukuni. A nan muna maganar kamfanin da kowa ya san kowa da suna: masu gina manhaja bisa kwangila, masu haɗa shafukan intanet, masu kula da saba (kwamfutar da manhaja ke gudana a kanta don masu amfani) da tsaron bayanai, da masu sayar da ƙaramar manhaja tasu ta kansu.

Mu shida ne, a ɗaki ɗaya muke wuni. Me kuma ya rage da za mu raba?

Abu mai yawa. Zama a ɗaki ɗaya sau da yawa zaman 'yan marina ne, kowa da inda ya sa gaba. Ku gwada wannan: ku ɗauki kowane aiki da kuke yi wa abokin ciniki, ku tambayi kanku mutum nawa ne idan suka daina zuwa gobe aikin zai tsaya cak. Idan amsar mutum ɗaya ce, to ilimin aikin nan ba na kamfani ba ne, aronsa kuke yi daga wannan mutumin.

Ga yadda abin yake kasancewa. A cikin manhajar biyan kuɗi da kuka gina wa wani, akwai layin da ke sa tsarin ya jira daƙiƙa 40 kafin ya sake gwada tura buƙata zuwa banki. Sabon injiniya ya zo, ya ga jiran nan ɓata lokaci ne, ya rage shi zuwa daƙiƙa 5. Gwaji duk ya wuce lafiya. Ranar biyan albashi sai ga mutane ana cire musu kuɗi sau biyu, domin sabar bankin takan yi jinkirin amsawa idan cunkoso ya yi yawa, kuma wadda ta sa layin tun farko ta san haka ne daga wani dare da ta kwana tana fama da matsalar shekara biyu da suka wuce. Layin yana nan a rubuce, kowa na iya karanta shi. Dalilinsa ne ba a rubuta ba, kuma mai dalilin tana hutu.

Masanin falsafa Michael Polanyi ya yi bayanin wannan tun 1966: mutum ya san fiye da abin da zai iya faɗa. A 1995 Ikujiro Nonaka da Hirotaka Takeuchi suka nuna, daga nazarin kamfanonin Japan, cewa ƙirƙira tana tasowa ne idan ilimin da ke cikin hannu da kai ya fito ya zama magana da rubutu, sannan wasu su ɗauka su mayar da shi nasu ta hanyar aiki. Kod, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, yana gaya maka abin da aka yi. Ba ya gaya maka abin da aka gwada aka watsar, ko halin abokin cinikin da ya tilasta aka bi ta wannan hanyar.

Yaushe matsalar ke fara tsananta?

Lokacin da kuka fara girma. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a IBM, ya yi lissafin a 1975: mutum 5 suna da hanyoyin magana 10 a tsakaninsu, mutum 10 suna da 45, mutum 20 suna da 190. Abin da a da kowa ke ji don kawai yana zaune kusa, yanzu sai an yi niyya an isar da shi. Yawancin kamfanoni ba sa lura da ranar da suka haye wannan iyaka, sai dai su ga mutum biyu sun ɓata mako guda kowa yana warware matsala iri ɗaya ba tare da sanin juna ba.

Akwai kuma abin da Melvin Conway ya lura da shi a 1968: tsarin da ƙungiya ta gina yakan ɗauko siffar yadda mutanenta ke magana da juna. Idan masu gina fuskar manhaja ba sa zama da masu kula da rumbun bayanai, a daidai mahaɗar nan ce manhajar za ta riƙa tsagewa.

Ina ruwan raba ilimi da ƙirƙira? Ai ƙirƙira baiwa ce.

Akwai masu baiwa, babu musu. Amma idan ka bi tarihin abubuwan da ƙananan kamfanoni suka fitar, za ka ga yawancinsu kayan aikin cikin gida ne da wani ya gani ya ce wasu ma za su so wannan. Ruby on Rails, kayan gina manhajojin intanet, ya fito a 2004 daga cikin aikin da David Heinemeier Hansson ya yi wa Basecamp, manhajar ƙaramin kamfanin 37signals. Django, wani kayan aiki irinsa, an gina shi ne a sashen intanet na wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas a Amurka, don masu aikin su riƙa cika wa'adin ɗakin labarai, aka sake shi ga duniya a 2005. Slack kuwa kayan hira ne da kamfanin Tiny Speck ya haɗa wa ma'aikatansa suna gina wasan kwamfuta mai suna Glitch. Wasan ya mutu a 2012, kayan hirar ya fito kasuwa a 2013.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai ga rana da a ce ya tsaya a kwamfutar mutum ɗaya. Sabon abu yakan fito ne idan matsalar da wani ya sani ta haɗu da dabarar da wani daban ya iya. Mai amsa kiran abokan ciniki ya san abin da ke ba mutane haushi, injiniya ya san abin da zai yiwu cikin kwana biyu. Muddin ba su zauna tare ba, kowa riƙe yake da rabin amsa.

Wesley Cohen da Daniel Levinthal sun ƙara wani abu a 1990 da ya dace a riƙe: kamfani ba ya iya cin moriyar ilimin waje sai gwargwadon abin da ya riga ya sani a ciki. Tura ma'aikaci babban taro ba ya amfanar da kowa idan ya dawo babu wanda zai fahimci abin da ya kawo.

Mun buɗe wiki, wato shafin da kowa a kamfani zai iya rubutu da gyara a ciki, mun biya kuɗin manhajar ajiye bayanai. Wata uku babu mai rubutu. Me ya faru?

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Tun da Ward Cunningham ya ƙirƙiro wiki na farko a 1995, kayan aiki ba su taɓa zama cikas ba. Cikas ɗin lokaci ne da lada. Kamfanin da ke cajin abokin ciniki bisa awa yana kallon kowace awar rubutu a matsayin asara, ma'aikata kuma sun fahimci hakan ko ba a faɗa musu ba. Sannan galibi akan ce musu “ku rubuta komai”, wanda a aikace ke nufin ba za a rubuta komai ba.

Ku rage buri. Abu uku sun isa a fara: yadda ake tayar da aikin a sabuwar kwamfuta, abin da za a yi idan tsarin ya faɗi cikin dare, da dalilan manyan shawarwari. Na ukun nan ya fi kowanne daraja. Michael Nygard ya ba da shawarar wata gajeriyar hanya a 2011, takarda mai shafi ɗaya ga kowace shawara, a ajiye ta kusa da kod ɗin kansa. Tana iya zama kamar haka: halin da ake ciki shi ne abokin ciniki yana da rassa a wuraren da intanet ke yawan yankewa; shawara ita ce kowane reshe zai ajiye bayanansa a na'urarsa ya tura idan layi ya dawo; abin da muka ƙi shi ne ajiye komai a saba ɗaya, saboda aiki zai tsaya duk lokacin da layi ya tafi; abin da za mu jure shi ne wani lokaci rassa biyu za su sauya bayani ɗaya kuma sai an sasanta. Minti 15 ke nan. Bayan shekara uku, wanda ya gaji aikin ba zai rushe shi da sunan gyara ba.

Takardar da ta tsufa ta daina faɗin gaskiya kuwa ta fi rashin takarda illa. Ku goge ta.

To wace hanya ce ta fi ɗaukar ilimi daga kai zuwa kai?

Yin aiki tare. A ganina babu abin da ya kama ƙafar wannan.

Bitar kod ita ce mafi sauƙi: babu abin da zai shiga babbar manhaja sai wani ya karanta shi. Michael Fagan ya tsara irin wannan dubawa a IBM tun 1976 don kama kurakurai, kuma GitHub, dandalin ajiye kod a intanet da aka buɗe a 2008, ya mayar da ita aikin yau da kullum. Amma ga ƙaramin kamfani, kama kuskure shi ne ƙaramin amfaninta. Babban amfanin shi ne yanzu mutum biyu sun san wannan sashe. Saboda haka kada babban injiniya ya zama shi kaɗai ke duba na kowa. A bar ƙarami ma ya karanta na babba, ya yi tambayar da yake jin kunyar yi.

Sai zaman mutum biyu a kan kwamfuta ɗaya, wanda Kent Beck ya yaɗa a ƙarshen shekarun 1990. Yana gajiyarwa, kuma ba kowa ke son sa ba. Ba sai an yi shi kullum ba. A yi shi inda ya dace: makon farko na sabon ma'aikaci, sashe mai haɗari, ko matsalar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Na uku shi ne juya mutane. Wanda ya shekara yana riƙe da abokin ciniki ɗaya a ba shi mataimaki, bayan wani lokaci su yi musanya. Abokin cinikin zai yi ƙorafi da farko don ya saba da mutuminsa. Gara ƙorafin yau da na ranar da mutumin nasa ya ajiye aiki.

Akwai ƙwararren da ke riƙe abin da ya sani, ba ya son koya wa kowa. Mu kore shi?

Kafin nan ku duba abin da kuke saka wa da alheri. Idan wanda ake yabo a gaban kowa shi ne wanda ya tashi ƙarfe biyun dare ya ceto tsarin da shi kaɗai ya fahimta, to ku ne kuka koya masa cewa darajarsa tana cikin zama shi kaɗai. Wanda ya rubuta bayani har tsarin bai sake faɗuwa ba, shi babu mai ganinsa. Wasu kuma tsoro ne: sun taɓa ganin an sa mutum ya koyar da ƙarami mai arha sannan aka sallame shi.

Ku sa koyarwa cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma da albashi, ku faɗa a fili. Ku kuma nuna masa ribarsa: wanda shi kaɗai ya iya abu ba ya samun hutu na gaske, kuma ba a iya ɗaga shi zuwa sabon aiki. Idan bayan duk wannan ya nace, to lallai yana yi wa kamfani barazana, kuma jinkiri ƙara masa ƙarfi yake yi.

Me ya sa ake cewa kada a nemi mai laifi idan tsari ya faɗi?

Domin ranar da aka hukunta wanda ya faɗi gaskiya, daga ranar kowa zai koyi yin shiru. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi nazarin ƙungiyoyin ma'aikatan asibiti a shekarun 1990, ta ga abin mamaki: ƙungiyoyin da suka fi kyawun shugabanci su ne rahoton kurakuransu ya fi yawa. Ba wai sun fi yin kuskure ba ne, sun fi iya faɗa ne. A fagen manhaja, John Allspaw na kamfanin Etsy ya yaɗa wannan salo da wani rubutu da ya yi a 2012.

A zaman bitar da ake yi bayan tsari ya faɗi, tambayar ba “wa ya goge rumbun bayanai?” ba ce. Tambayar ita ce yaya aka yi umarni ɗaya ya iya goge shi ba tare da gargaɗi ba, me ya sa tagar sabar gwaji da ta sabar aiki suke kama da juna, kuma yaushe rabon da a gwada dawo da ajiya. Mutumin da ya danna maɓallin shi ya fi kowa sanin abin da ya gani a lokacin. Idan yana tsoro, wannan ilimin ya tafi. Wannan ba ya nufin a kawar da kai daga ganganci ko ha'inci, waɗannan maganarsu daban.

Raba ilimi da kamfanonin da muke gasa da su fa? Ba kashe kai ba ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi raba kan mutane, kuma tarihi ya karkata ga masu rabawa fiye da yadda ake zato.

A 1987 Eric von Hippel na jami'ar MIT ya wallafa nazarin ƙananan masana'antun ƙarfe a Amurka. Ya tarar injiniyoyinsu suna kiran takwarorinsu na kamfanonin da suke gasa da su, suna tambayar yadda aka warware wata matsalar aiki, kuma ana ba su amsa. Ba sadaka ba ce. Kowa yana riƙe da lissafi a ransa, wanda ka taimaka wa yau kana sa ran zai ɗauki wayarka gobe, wanda kuma ya saba karɓa ba ya bayarwa sai a daina amsa masa. Abin da ke da matuƙar daraja a gasa sukan riƙe, na yau da kullum su yi musanya.

A 1994 AnnaLee Saxenian ta kwatanta yankuna biyu na Amurka da suka taso da ƙarfi iri ɗaya: Silicon Valley a Kaliforniya da yankin Route 128 kusa da Boston. Kamfanonin kwamfuta na Boston irin su DEC da Wang suna yin komai a cikin gida, suna tsare sirrinsu. A Kaliforniya kuwa injiniyoyi suna sauya kamfani, suna haɗuwa bayan aiki, suna fita su kafa nasu. Daga Fairchild, kamfanin ƙera ƙananan sassan lantarki da aka kafa a 1957, aka samu waɗanda suka kafa Intel a 1968 da AMD a 1969. A ƙungiyar Homebrew Computer Club, wadda ta fara zama a 1975, Steve Wozniak ya nuna kwamfutar da ta zama Apple I. Dokar Kaliforniya ma ta taimaka, domin ba ta amincewa da yarjejeniyar da ke hana ma'aikaci komawa wajen abokin gasa, kuma masanin shari'a Ronald Gilson ya kafa hujja da hakan a 1999. Da kasuwa ta juya daga matsakaitan kwamfutoci zuwa na kan tebur, yankin da ilimi ke yawo ne ya tsira.

Ga ƙaramin kamfani lissafin ya fi sauƙi. Dabarar da kuke ɓoyewa ta saita saba, wataƙila mutum dubu sun riga sun rubuta irinta a intanet. Abin da ke riƙe muku abokin ciniki shi ne amana, sanin harkarsa, da ɗaukar waya idan abu ya lalace. Waɗannan ba a kwafe su daga jawabin minti 20. Sannan babban abokin hamayyarku sau da yawa ba ƙaramin kamfanin da ke kusa ba ne, katafaren kamfani ne da zai iya haɗiye ku duka. Ƙanana biyu da suka san ƙarfin juna suna iya haɗa kai su nemi kwangilar da ɗayansu ba zai iya shi kaɗai ba.

To me ba a rabawa?

Bayanan abokin ciniki da na mutanensa, ko da a matsayin misali a wajen taro. Kalmomin sirri da makullan shiga. Kod ɗin da kwangila ta ce mallakar wanda ya biya ne. Raunin tsaro da ba a toshe ba tukuna. Dokoki irin su GDPR ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2018, suna ɗora tara mai nauyi kan sakaci da bayanan mutane, kuma ƙasashe da yawa sun yi nasu makamantan.

Akwai wani da ake yawan mantawa: farashi. Abokan gasa su tattauna fasaha babu laifi, amma su zauna su daidaita abin da za su caja ko su raba abokan ciniki tsakaninsu laifi ne a dokokin gasa na ƙasashe da yawa. Idan hira ta karkata can, a tashi.

Ya kamata mu saki wani abu namu a matsayin buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa zai iya ganin kod ɗinta ya yi amfani da shi?

Idan kayan aiki ne da ba shi ne abin da kuke sayarwa ba, kuma kuna da haƙƙin mallakarsa, sau da yawa eh. Yana jawo ƙwararrun ma'aikata, yana nuna wa abokin ciniki ingancin aikinku, wasu kuma su gano muku kurakurai. Amma ku sani ɗawainiya ce. Mutane za su turo tambayoyi da buƙatu, kuma aikin da aka saki aka yi watsi da shi ba ya ƙara wa kowa suna.

Ku karanta lasisi, naku da na abin da kuke ɗauka. Lasisin MIT da na Apache 2.0 suna barin a sa kod cikin manhajar kasuwanci da sharuɗɗa kaɗan. GPL tana buƙatar idan kun rarraba manhajar da kuka gina a kanta, ku saki kod ɗinku bisa lasisin. AGPL ta faɗaɗa wannan har ga manhajar da ake amfani da ita ta intanet.

Ɗaya ɓangaren kuma, kusan duk abin da kuke ginawa yana tsaye ne a kan aikin wasu da ba ku biya ba. A 2014 raunin Heartbleed ya bayyana a OpenSSL, manhajar ɓoye bayanan da ke yawo a intanet, aka gane cewa mutane ƙalilan ne ke kula da abin da ke tsare babban ɓangaren intanet. A watan Maris na 2016 wani ya janye ɗan kod mai layi 11 mai suna left-pad, ayyuka masu ɗimbin yawa suka kasa haɗuwa. Disambar 2021 ta zo da rauni a Log4j, kayan aikin da manhajoji da yawa ke amfani da shi. A watan Maris na 2024 injiniya Andres Freund ya gano ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, da aka dasa cikin xz, manhajar matse bayanai, don kawai ya lura shiga saba ta yi jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya sanar da jama'a. Ko ba za ku saki komai ba, ku riƙe jerin abin da kuka dogara da shi, ku kai rahoton kuskuren da kuka gani, ku mayar da gyaran da kuka yi.

Abokan ciniki suna da rawar takawa wajen ƙirƙira?

Su ne babbar taskar kamfanin da ke aikin kwangila, kuma an fi yin sakaci da su. Von Hippel ɗin nan ya nuna a 1986 cewa masu amfani da suka riga kowa cin karo da matsala sukan ƙirƙiro maganinta da kansu. Ku duba takardar lissafin da akawun abokin cinikinku ya haɗa a Excel don cike giɓin da manhajarku ta bari. Wannan takardar ta fi duk wani taron neman ra'ayi gaya muku abin da za ku gina.

Idan abokan ciniki uku daban-daban sun biya ku kuka warware matsala iri ɗaya, akwai haja a wurin. Sai dai ba za ku gani ba idan ƙungiyoyi uku ne suka yi ayyukan kuma ba su taɓa kwatanta su ba. Ku kuma lura da kwangila tun farko: a rubuta cewa kayan aikin gama-gari da kuka gina naku ne, abin da ya keɓanta da harkarsa nasa ne.

Google ya ba ma'aikata kashi 20 na lokacinsu don gwaje-gwaje. Mu ma mu yi haka?

Waɗanda suka kafa Google sun ambaci wannan a wasiƙarsu ta 2004, kuma kamfanin 3M ya daɗe da nasa kashi 15. Amma kamfanin mutum 8 da ke rayuwa daga kwangila zuwa kwangila ba zai iya sadaukar da yini guda kowane mako ba, kuma alkawarin da ake sokewa duk lokacin da aiki ya matso ya fi rashinsa ɓata rai. Salon kamfanin manhaja na Atlassian na Ostireliya ya fi dacewa: awa 24 a kowane wata uku, kowa ya gina abin da yake so, washegari ya nuna. Ƙarami ne, amma a tsare shi kamar yadda ake tsare wa'adin abokin ciniki. James March ya yi gargaɗi a 1991 cewa cin moriyar abin da aka iya kullum yakan danne neman sabo, saboda ribarsa tana kusa kuma tabbatacciya ce.

Ma'aikatanmu daga gida suke aiki, wasu a wata ƙasa. Ya za mu yi?

Thomas Allen na MIT ya auna a shekarun 1970 cewa yawan magana tsakanin injiniyoyi yana faɗuwa sosai da zarar tazarar teburinsu ta ƙaru. Aiki daga nesa yana kashe ilimin da ake tsinta a bakin ƙofa, don haka sai rubutu ya maye gurbinsa. Kamfanin manhaja na GitLab, wanda ba shi da ofis, ya sa littafin ƙa'idojin aikinsa a intanet kowa na iya karantawa. Ƙa'ida ɗaya mai sauƙi tana yin aiki: tambayar aiki a yi ta a zauren da kowa ke gani, ba a saƙon sirri ba, don amsar ta amfani na uku da na huɗu.

Yanzu da akwai ƙirƙirarriyar basira, ba ta wadatar ba?

Tun fitowar GitHub Copilot, mataimakin rubuta kod, a 2021 da ChatGPT a watan Nuwamban 2022, ilimin gama-gari ya yi arha. Yadda ake rubuta tambaya ga rumbun bayanai ko fassara saƙon kuskure, na'ura za ta ba ka cikin daƙiƙa. Amma ba ta san dalilin jiran daƙiƙa 40 a manhajarku ba, sai idan wani ya rubuta shi a inda za ta gani. Ke nan ilimin cikin gida ƙara tsada ya yi.

Abu biyu ne abin lura. Na farko, ƙaramin ma'aikaci da a da zai juya ya tambayi na kusa da shi yanzu na'ura yake tambaya, babba kuma bai san inda yaron ke tuntuɓe ba, amsar ma ta tsaya a allon mutum ɗaya. Na biyu, sirri: a 2023 Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da irin waɗannan kayan bayan an liƙa kod na cikin gida a ChatGPT. Ku rubuta ƙa'ida a fili kan abin da za a iya liƙawa da wanda ba za a iya ba. Kuma duk wanda ya kawo kod don bita, ko wa ya rubuta masa, dole ya iya bayanin kowane layi.

Babban injiniyanmu ya ba da sanarwar barin aiki, saura wata ɗaya. Me za mu yi?

Kada ku ce ya zauna ya rubuta duk abin da ya sani. Zai rubuta abin da yake ganin muhimmi ne, ya bar abin da ya zame masa jiki har ya manta ilimi ne. Ku juya abin: daga yau magajinsa ne ke riƙe da allon rubutu, shi ke sakin sabon gyara, shi ke amsa kiran abokin ciniki, mai tafiya yana gefe yana kallo. Duk inda magajin ya tsaya ya yi tambaya, nan ne giɓin, kuma magajin ne zai rubuta amsar da kalmominsa. Ku bi jerin asusun da ke kan sunansa ko imel ɗinsa, sunan shafi, takardar shaidar tsaro, asusun sabar haya, ku mayar da su sunan kamfani. Ku rabu lafiya. Tsohon ma'aikaci yakan zama abokin ciniki, ko mai turo aiki, ko wanda za a kira bayan wata shida a tambaye shi abu ɗaya.

Ta yaya za mu san ana samun ci gaba?

Kada ku ƙirga shafukan wiki, za a cika muku su da shara. Ku duba kwana nawa sabon ma'aikaci ke ɗauka kafin gyaransa na farko ya shiga aiki, ayyuka nawa ne har yanzu mutum ɗaya kaɗai ya iya, ko matsalar da ta faru bara ta sake dawowa, da ko babban injiniya ya yi hutun mako biyu ba tare da an kira shi ba. Ku rubuta amsoshin yau, ku sake dubawa bayan wata shida.